Kawun Mai Ƙararrawa

Yayana mutum ne da idan ya fara magana sai dai ka nemi wurin zama. Shekara ashirin da biyu yana koyar da tuƙi, kuma duk wanda ya taɓa shiga 'yar motar nan tasa mai birki biyu ya san ba tuƙi kaɗai ake koya a cikinta ba, har da tarihin kowane rami da ke kan titi. Matarsa, wadda muke kira Anti, takan ce ko cikin barci sai ya ba wani umarnin ya duba madubi. To wannan mutumin ne ya yi mako bakwai bai ce uffan ba.

Ciwon ya same shi ne da safe yana ɗaura takalmi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Asibiti sun yi ƙoƙari, hannu ya fara motsi, ƙafa ta fara ja, har maganar ma ta soma dawowa. Sai ranar nan da tsofaffin ɗalibansa suka zo dubiya, su biyar, suka cika ɗakin. Ya buɗe baki zai ce sannunku da zuwa, abin da ya fito wani dogon sauti ne mai haɗe da yawu. Ba wanda ya yi dariya. Da ma dariyar suka yi, da ya fi. Wata mata a cikinsu ce ta toshe baki ta fashe da kuka. Tun daga ranar Yaya ya kulle bakinsa.

Malamar da ke koya masa magana a asibiti ta tare ni a baranda wata Laraba.

"Ke ce ƙanwarsa?"

"Ni ce."

"Harshensa nauyi kawai ya yi, kuma nauyin da amfani yake raguwa. Amma watannin farkon nan su ne namu. Idan ya bari suka wuce yana shiru, abin da zai dawo kaɗan ne. Na nuna masa hoton kofi, na nuna masa hoton kujera, sai ya tsaya kallona kamar na zage shi."

"Ai zagin nasa kika yi," na ce. "Mutum ɗan shekara arba'in da bakwai, ki nuna masa kofi?"

Ba banza ake ce min Barkono a gidanmu ba. Amma baiwar Allahn nan ba ta yi fushi ba. Ta ce, "To ki kawo min abin da ya fi kofi. Abin da ba zai iya gani ya yi shiru ba."

A mota ina komawa shago abin ya faɗo min.

Lokacin da muke yara Babanmu aikin dare yake yi a gidan burodi. Yakan dawo da hantsi, ya ci abinci, ya kwanta, ba ya tashi sai rana ta faɗi. Gidan ɗaki biyu ne, kuma abin da ya raba falo da gadonsa ƙofar katako ce da ba ta rufuwa sosai. Dokar Mama guda ɗaya ce: idan Baba na barci, talabijin ba ta da baki. Za ka iya kallo, amma a murɗe maɓallin murya har ya tsaya. Duk ranar da ya farka saboda mu, za a cire wayar talabijin a kulle a durowa.

Ƙarfe huɗu da rabi na kowace Talata da Alhamis ake nuna wani katun na Japan. Sunansa yakan fito da rubutunsu, ba mu taɓa iya karantawa ba, mu dai Mai Ƙararrawa muke ce masa. Wata yarinya ce mai gajeren gashi da manyan takalma, tana goye da ƙararrawar tagulla da ta kusa kai ta girma, ta naɗe harshen ƙararrawar da tsumma. Tana ratsa gonaki, tana hawa jirgin ƙasa, tana kwana a ƙarƙashin gada, ita da wani gurgun kare. A bayanta kuma, kullum, akwai wani dogon mutum mai baƙar hula, yana laɓewa bayan bishiyoyi.

Yaya yana da shekara goma sha uku, ni bakwai, Auta biyar. Mukan zauna a ƙasa, gwiwa da gwiwa, kusa da gilashin har muna jin ɗuminsa. Yaya a tsakiya. Shi ne muryar kowa. Cikin raɗa yake yi, ya siranta murya idan yarinyar ce, ya shaƙe ta idan tsohuwa ce, har karen sai da ya ba shi magana. Ya ce mana leɓe yake karantawa. Leɓen katun fa! Bakin da buɗewa da rufewa kawai yake yi kamar na kifi. Kuma wallahi na yarda, na girma da yardar, ban taɓa zama na auna ta ba.

A labarin da ya ba mu, uban yarinyar yana can saman wata hasumiya yana barci saboda ya gaji da aiki, ita kuma tana kai ƙararrawar ne don ta tashe shi idan lokaci ya yi, shi ya sa ta naɗe ta kada ta yi ƙara tun da wuri. Mai baƙar hula kuwa kawunta ne. Yana bin ta a ɓoye don kada wani abu ya same ta, ba ya so ta gane, saboda ita yarinya ce mai son a ce ita ta yi da kanta.

Kashi na ƙarshe ne ba mu gani ba. Ranar da za a nuna shi suka sa ƙwallo. Yaya ya zauna gaban talabijin har aka tashi wasan, yana cewa yanzu za su sako. Ba su sako ba, ba su kuma sake maimaitawa ba.

Shagona na buga takardu ne da kwafi, kusa da wata makaranta. Kwana huɗu na yi, tsakanin mai son kwafin katin shaida da mai son a buga masa takardar neman aiki, ina rubuta wa intanet abin da na tuna: yarinya, ƙararrawa, kare mai ɗingishi. Ta kawo min ƙararrawar keke, ta kawo min maganin ƙafar kare. Na zage ta ya fi sau goma. A rana ta biyar, a wani zauren intanet da masu son tsofaffin katun ke taruwa, wani bawan Allah da ban san shi ba ya turo min hoto ya ce, wannan? Ina ganin takalman nan sai da na miƙe tsaye. Kashi ashirin da shida ne, duka suna nan, da muryoyinsu, da fassara a rubuce a ƙasa.

Ban kalla ba. Na ce tare muka fara, tare za mu gama. Nan na tafka kuskuren.

Ranar Asabar na ɗauki kwamfutar shago na tafi gidan Yaya, na kira Auta ya bar aikin wayoyin wutarsa ya zo. Anti ta gyara wa Yaya matashi biyu a baya, ta ɗora kwamfutar a kan teburin guga. Na ƙure murya, na danna kashi na farko.

Kiɗa ya tashi. Shekara talatin da huɗu, ashe abin yana da kiɗa, mai daɗi kuwa. Yarinyar ta fito daga bayan tudu da ƙararrawarta. Na saci kallon Yaya. Idonsa ya buɗe, hannun hagu ya damƙe bargo. Na ce a raina, yau dai an gama.

Sai aka fara magana, rubutu yana fitowa a ƙasa. Auta, da ba ya iya karatu a zuci, ya shiga karantawa da ƙarfi.

Babu wani uba a saman hasumiya. Yarinyar marainiya ce. Ƙararrawar ta garinsu ce da ambaliya ta tafi da ita, tana mayar da ita gida. Tsumman kuwa don kada ɓarayi su ji ne. Karen ba ya magana, haushi yake yi kamar kowane kare. Da mai baƙar hula ya leƙo daga bayan bishiya, muryarsa ta fito kamar ana jan ƙarfe a siminti, rubutun ya ce: zan narkar da ita ko da zan jefa yarinyar a kogi.

Auta ya ƙyalƙyale da dariya har da dukan cinya. "Kawu! Wannan ne kawun? Kai, Yaya, ashe shekara da shekaru zuba kake mana!"

Ni ya kamata in kwaɓe shi. Maimakon haka bakina ya riga hankalina. "Haba Yaya! Ko kalma ɗaya ba ka faɗa daidai ba? Ni fa har faɗa na yi a makaranta a kan mutumin nan, na yaga wa wata riga don ta ce mugu ne!"

Da can, da Yaya ya mayar mana da goma kafin mu rufe baki, ya ce masu fassarar ne ba su iya ba. Abin da nake jira ke nan, wallahi, shi nake jira. Na ga leɓensa ya motsa. Ya dube ni, ya dubi Auta da ke share hawayen dariya, ya dubi kwamfutar da ke ta zuba magana tiryan-tiryan ba gargada. Sai ya sa hannun hagu ya ja bargo, ya juya fuskarsa bango.

Anti ta rufe kwamfutar a hankali. "Barkono, ku je haka nan. Ya gaji."

A bakin ƙofa na sauke wa Auta kwandon masifa, na ce shi ba ya da hankali tun yana yaro. Ya bari na gama, ya ce, "Ni dariya na yi. Ke ce kika ce bai faɗi ko kalma ɗaya daidai ba." Mutumin da ke tsoron buɗe baki don kada kalma ta fito a karkace, shi na tsaya a kansa na gaya wa haka. Na tsani kaina ranar, ba kaɗan ba.

Washegari na je wurin Mama. Tana zaune tana cire wa wata tsohuwar riga maɓallai, tana tarawa a gwangwani. Na kwashe komai na gaya mata, ina jiran ta yi mamaki. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Au, sai yanzu kika sani?"

"Mama, kin san ƙarya yake mana?"

"Ina kicin ina jin ku. Ai ke kika jawo. Ranar da mai hular nan ya fara fitowa kika ƙwalla ƙara, sai da na fito da gudu na toshe miki baki. Babanku ya juya a gado. Na ce wa yayanki, ta sake yi sau ɗaya, an gama kallo a gidan nan. Kwana biyu kina fitsarin kwance saboda tsoron mutumin. Da Alhamis ta zo sai na ji yana ce miki ai kawunta ne." Ta jefa maɓalli a gwangwani. "Daga nan kika daina tsoro. Har gaishe shi kike yi idan ya fito."

"To uban da ke barci fa?"

"Kina ta mita ne, me ya sa mu kaɗai ba ma jin murya, me ya sa Baba ba ya wasa da mu kamar baban maƙota. Yaro ɗan shekara sha uku, me zai ce miki? Sai ya sa uban yarinyar ma ya kwanta."

Na zauna ina kallon gwangwanin maɓallai. Mama ta ce in dai kuka zan yi in matsa daga kan rigar.

Litinin na rufe shago da wuri na kalli kashi ashirin da biyar a jere, ina tsallake wasu wuraren. Labarinsu na gaskiya ba laifi, yana da kyau. Amma duk inda mai hular ya miƙa hannu zai cafke yarinyar, ni muryar Yaya nake ji yana raɗa, ga shi nan zai tare ta kada ta faɗi. Na ƙarshen ban buɗe ba.

Talata, ƙarfe huɗu da kwata, na buga ƙofarsu ni kaɗai. Anti ta dubi kwamfutar ta dube ni.

"Barkono, don Allah. Tun Asabar ko malamar bai yarda ya gani ba."

"Anti, rabin awa. In bai yi ba, ba zan sake kawowa ba."

Yana kwance, fuska a bango. Ban gaishe shi ba, don gaisuwa amsa take nema. Na ja labule. Na ƙyale teburin guga, na ɗora kwamfutar a kan kujera dab da gadon. Na yanko farar takarda da na zo da ita daga shago, na manne ta da salatif a ƙasan gilashin, ta rufe inda rubutun ke fitowa. Na kashe murya gaba ɗaya. Sannan na zauna a ƙasa, na jingina da gadon, kafaɗata kusa da gwiwarsa.

"Na ƙarshen ne," na ce da raɗa. "Wanda suka sa ƙwallo. Ban kalla ba."

Na danna.

Yarinyar ta iso gindin hasumiya, takalmi ɗaya ya yage, karen yana jan ƙafa a bayanta. Bakinta yana buɗewa yana rufewa. Ɗakin tsit, sai ƙarar fanka. Na siranta murya na fara.

"Wayyo, na gaji. Wannan bene da tsawo yake. Kai kare, ka... ka zo mu hau."

Kai, ban iya ba. Ni kaina na ji kunyar abin. Na ba karen muryar tsohuwa, na manta na ba yarinyar ma irinta. Amma na ci gaba. Can na ji gadon ya yi ƙara. Ban waiwaya ba. Numfashinsa ya dawo ta bayan kunnena, na san ya juyo.

Yarinyar ta fara hawa, mataki ɗaya, biyu, ƙararrawar tana rinjayarta baya. A mataki na ashirin ko fiye ta durƙusa. Sai ga mai baƙar hula ya fito daga inuwa, ba laɓewa yau. Ya sa hannu biyu ya fizge ƙararrawar daga bayanta har igiyar ta tsinke. Yarinyar ta faɗi. Shi kuma ya rungume ƙararrawar ya haura sama da gudu.

Ban shirya wa wannan ba. Shekara arba'in da ɗaya gare ni, ina da 'ya'ya uku, amma wallahi abin da na ji a ƙirjina irin na ranar farko ne. Na dakatar da hoton, mutumin yana tsaye cak a tsakiyar bene, ƙafa ɗaya a sama.

"To shi ke nan," na ce, kuma ba wasa nake ba. "Ya ƙwace. Auta ya yi gaskiya, ɓarawo ne. Babu yadda za a yi kawu ya yi mata haka."

Fanka tana juyawa. A waje wani yana ta danna hon. Na kai hannu zan rufe kwamfutar.

"A'a."

Ƙasa-ƙasa ta fito, a karkace, kamar an taka ta. Hannuna ya tsaya a sama. Ban juya ba, na san in na kalle shi zai haɗiye sauran.

"A'a me? Ga shi kana gani."

Na ji yana kokawa da harshen. Ya fara, ta ƙi. Ya haɗiyi yawu ya sake.

"Nau... nauyi." Ya huta. "Ta yi... mata... nauyi."

"Ƙararrawar?"

"Ya... ɗau... kar mata."

Na danne bakina da bayan hannu. Da ɗaya hannun na danna, hoton ya ci gaba. Mutumin yana haurawa, yarinyar ta tashi tana bin sa, bakinta a wangame.

"Me take cewa?" na tambaya.

Ya ɗauki lokaci. Yarinyar ta hau mataki goma kafin ya haɗa ta. Har ƙoƙarin siranta muryar ya yi.

"Kawu... jira ni."

Inuwa ta gitta a ƙasan ƙofa. Anti ce, tana tsaye riƙe da kofin shayi, ta kasa shigowa ta kasa komawa, shayin yana zuba a yatsunta ba ta ma sani ba. Ganinta ne ya ƙarasa ni. Kukan da nake dannewa tun Asabar ya ƙwace, irin mai sautin nan mara kyau, na kifa kai a gefen katifa ina cewa Yaya ka yafe min, Yaya ka yi magana, Anti kin ji ya yi magana.

Sai na ji hannunsa na hagu a kaina, yana ɗan bubbugawa kamar yadda yake yi da. Babanmu ya shekara goma sha tara da rasuwa. Yaya ya sunkuyo dab da kunnena, idonsa yana kan hoton.

"Shhh," ya ce. "Baba... na barci."

Na share fuska da gefen mayafi, na gyara zama. Saura minti tara a gama.